Yadda ake gyara sautin ɗaki don ogan ɗin kwamfuta a gida

Duk wanda ya haɗa ogan na kwamfuta a gida, da manhajar Hauptwerk ne ko da ta GrandOrgue, ya san wannan matsala. Ka ja sitof (jerin bututu masu murya ɗaya) mai ƙafa 16 (lambar da ke nuna zurfin muryarsa), ka bi feda, wato maɓallan da ake takawa, ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, sai wata nota ta cika ɗakin har taga na karkarwa, ta kusa da ita kuma ta ɓace kamar ba a taka ba. Ka sa hedifon, duk su fito daidai wa daida. To laifin ba na samfurin ogan (sautin bututu na gaske da aka naɗa) ba ne, kuma sau da yawa ba na sifika ba ne. Ɗakin ne yake ƙara wa wata nota ƙarfi yana danne wata.

Gyaran sautin ɗaki da na'ura yana magance wani ɓangare na wannan, ba duka ba. Aikin shi ne a auna abin da ke isowa kunnen mai kaɗawa da makirufo, sannan a sa filtoci, wato matatun sauti, su rage ƙarfin sautin a wuraren da ɗakin ke kumbura shi. Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko: ana sassabe tudu (inda sauti ya kumbura), ba a cike rami (inda ya ɓace), kuma kusan duk aikin a ƙasan sauti yake, inda feda take.

Abin da ɗaki ke yi wa feda

C mafi ƙasa a sitof mai ƙafa 8 tana kan 65.4 Hz (girgiza 65.4 a daƙiƙa). A mai ƙafa 16 tana kan 32.7 Hz, a mai ƙafa 32 kuma 16.4 Hz. Idan fedarka mai maɓalli 32 ce, sitof mai ƙafa 16 yana tashi daga 32.7 zuwa 196 Hz. Wannan zangon kuwa shi ne daidai inda ƙaramin ɗaki ya fi yin ɓarna.

Dalili shi ne tsawon igiyar sauti. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka igiyar 32.7 Hz ta kai mita goma da rabi, ta fi ɗakin tsawo. Sai ta riƙa kai-komo tsakanin bango biyu kamar ruwan da aka girgiza a daro: a gefe yana tashi sosai, a tsakiya kuwa kusan ba ya motsi. Kowane ɗaki na da firikwansi (yawan girgizar sauti a daƙiƙa) da yake amsawa haka, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Raba 343 da ninki biyu na tazarar da ke tsakanin bangon biyu.

Ɗauki ɗaki mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin mita 2.7. Tsawon zai yi amo a 34.3 Hz, da 68.6, da 102.9. Faɗin zai yi a 42.9, da 85.8, da 128.6. Tsayin kuma a 63.5 da 127. Yanzu ɗora waɗannan a kan feda. 34.3 ta faɗa kusan kan C♯ ta ƙasa, wadda take 34.6. 42.9 tana dab da F, wadda take 43.7. 68.6 kuma C♯ ce ta oktaf (zagayen nota goma sha biyu) na gaba. Su 127 da 128.6 sun haɗu wuri ɗaya, za su yi tudu mai kauri tsakanin B da C. Ka ga ke nan mai wannan ɗakin zai iya faɗin notocin da za su dame shi kafin ya kunna komai.

Mai sauraron waƙa zai iya zama da irin wannan ɗaki shekara da shekaru bai lura ba, domin bugun ganga da na jita gajeru ne. Ogan ba haka yake ba. Nota ɗaya takan tsaya daƙiƙa biyar ko goma, isasshen lokaci ga amon ɗakin ya cika, kuma kunne yana kwatanta ta da maƙwabciyarta nan take. Tazarar da ke tsakanin nota da nota kashi 6 cikin ɗari ce kawai, amma bambancin ƙarfinsu a wurin zama yakan kai 10 ko 15 dB (ma'aunin ƙarfin sauti).

Akwai iyaka inda wannan halin yake ƙarewa, wadda ake kira da sunan masanin kimiyyar sauti Manfred Schroeder. A ɗakin da muka ɗauka, mai girman kubik mita 54, idan amsa-kuwwarsa na mutuwa cikin daƙiƙa 0.4, iyakar tana wajen 170 Hz. A yawancin ɗakunan gida tana tsakanin 150 da 300 Hz. Ƙasa da ita filta na aiki sosai. Sama da ita kuwa tuddai da ramuka suna sauya wuri da zarar ka karkata kai, gyara su ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ne.

Wani zai ce ai Hauptwerk na ba da damar rage ƙarfin kowane bututu shi kaɗai, me ya sa ba za a bi ta nan ba? Ana iya bi, amma aikin ba ya ƙarewa. Sai ka maimaita shi a kowane sitof na kowane ogan da ka loda. Ga shi kuma tsofaffin ogan ba a kan 440 Hz duka aka ɗaure su ba, wasu suna ƙasa wajen 415, wasu sama wajen 465, don haka notar da ke kumburi a wannan ba ita ce ke yi a wancan ba. Filta kuwa firikwansi take bi, ba ruwanta da sunan nota. Sau ɗaya za ka yi ta.

Kayan aiki

Makirufon awo ne kaɗai abin da ba makawa sai an saya. Wanda aka fi amfani da shi shi ne UMIK-1 na kamfanin miniDSP, mai shiga ta USB. Kowane ɗaya yana da fayil ɗin daidaitawa nasa, wanda ake saukewa da lambar da ke jikinsa, kuma fayil biyu ne: na fuskantar sifika kai-tsaye, da na digiri 90 don lokacin da aka ɗaga bakinsa sama. Makirufon waya ko na waƙa ba zai yi ba, domin galibi an yanke masa ƙasan sauti, wurin da muke son gani.

Manhajar awo ita ce REW, ta John Mulcahy, kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Sai sandar makirufo mai hannu, da tef ɗin awo, da takardar rubuta inda ka ajiye kowane abu. Kada ka raina takardar. Bayan awo goma sha biyar ba za ka tuna wanne ne na sabwufa (sifikar ƙasan sauti) a kusurwar hagu ba.

Wuri kafin filta

Rami a zanen awo yana nufin sauti biyu sun haɗu a kunnenka sun kashe juna. Idan ka ƙara wa sifika ƙarfi a wannan firikwansin, duka biyun za su ƙaru tare, su ci gaba da kashe juna. Maganin rami shi ne a motsa sifika, ko a motsa bencin mai kaɗawa. Shi ya sa wannan matakin yake zuwa da wuri.

Fara da benci. Tsakiyar ɗaki, ta tsawo ko ta faɗi, nan ne amon farko yake mutuwa. A ɗakinmu mai faɗin mita 4, wanda ya zauna daidai tsakiya ba zai ji F ta ƙasa yadda ya kamata ba, ko da wace irin sabwufa ya saya. Matsar da teburin ogan santimita 30 zuwa 50 gefe ɗaya yakan dawo da ita.

Sai manyan sifikoki. Sautin da ya koma baya ya bugi bango ya dawo yana kashe na gaba a firikwansin da za ka samu in ka raba 343 da ninki huɗu na tazarar fuskar sifika daga bangon. Mita ɗaya na ba da rami a 86 Hz, tsakiyar feda ke nan. Santimita 30 na tura shi zuwa wajen 286 Hz, inda allon shanye sauti a bayan sifikar zai iya rage shi. Don haka gara sifika ta matso bango sosai, a bar mata 'yar tazarar da ramin iskarta na baya ke buƙata, sannan a rage kaurin da kusancin bango ya ƙara mata da filta. Wannan ragewa ce, kuma ragewa ba ta da illa.

Ga sabwufa kuwa akwai tsohuwar dabara. Ɗora ta a kan benci, inda kanka yake zama, ka kunna sautin gwaji na ƙasa, ka zagaya da makirufo a wuraren da za ta iya zama. Inda zanen ya fi fita ba rami mai zurfi, nan ne wurinta. Kada ka nemi wurin da ya fi laushi a ido, nemi wanda ba shi da rami tsakanin 30 da 80 Hz, ko da yana da dogayen tuddai. Tudu za mu sare shi daga baya. Kusurwa takan ba da irin wannan sakamako, domin tana tayar da kowane amo na ɗakin. Idan hali ya yi, ƙananan sabwufa biyu a wurare daban sun fi babba ɗaya daidaita feda, saboda ramin ɗaya ɗayar ke cike shi.

Maganar soson bango a taƙaice: siririn soso mai kaurin santimita 3 ko 5 ba ya taɓa feda ko kaɗan, saman sauti kawai yake sha, ya bar ɗakin da gurnani. Allon auduga ta ma'adini mai kaurin santimita 10, da tazarar iska a bayansa, a inda sauti ke fara bugun bangon gefe, yana taimaka wa samfuran da aka ɗauko da amsa-kuwwar cocinsu, domin ƙaramin ɗakinka ya daina yin magana a kan babban ginin.

Awon kansa

Zauna a benci yadda kake kaɗawa, wani ya auna tsayin kunnenka daga ƙasa da nisansa daga bango. Sa bakin makirufo a daidai wurin, yana kallon rufi, ka loda fayil ɗin digiri 90. Kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Ƙofa kuma ka bar ta yadda take zama idan kana kaɗawa, domin buɗaɗɗiyar ƙofa na sauya amon ƙasa. Ka tabbata duk wani gyaran sauti na Windows ko na katin sauti a kashe yake, kuma sautin gwajin yana bin hanyar da sautin ogan ke bi: kati ɗaya, kebul ɗaya, amfilifaya ɗaya. Sa komai a kan 48 kHz, wanda akasarin samfuran ogan ke amfani da shi.

Daidaita ƙarfi ya tsaya wajen 75 dB a makirufo. Ba a buƙatar fin haka, kuma sautin gwaji mai ƙarfi a 15 Hz na iya cutar da ƙaramar sifika. Ga manyan sifikoki fara sautin daga 30 Hz zuwa 20,000, ga sabwufa daga 10 ko 15 Hz zuwa 200. Kowace sifika a auna ta ita kaɗai. Da yake makirufon USB da katin sauti agogonsu daban, kunna zaɓin da REW ke fitar da ɗan siririn sauti daga sifika ɗaya kafin kowane awo don ya zama ma'aunin lokaci. In ba haka ba, ba za ka iya kwatanta isowar sabwufa da ta sauran ba.

Awo ɗaya bai isa ba. Mai kaɗa ogan ba ya zama cik, yana sunkuyawa zuwa maɓallan sama, yana karkata don ya kai ƙarshen feda. Yi awo a tsakiya, sannan santimita 25 zuwa 30 hagu, dama, gaba, baya, sama da ƙasa. Bakwai ke nan ga kowace sifika. Ka fitar da matsakaicinsu a REW, a kansa za ka gina filtoci. Tudun da ya bayyana a duk bakwai ɗin na ɗaki ne. Wanda ya bayyana a ɗaya ya ɓace a saura, rabu da shi.

Karanta zanen

A nan ne masu ogan suka bambanta da masu sauraron waƙa. Mutane da yawa suna lailaye zane da kashi ɗaya cikin uku na oktaf don ya yi kyan gani. Wannan nota huɗu ke nan aka cure wuri ɗaya, matsalar da muke nema ta ɓuya. Ƙasa da 200 Hz, duba zanen ba lailaya, ko kuwa da lailayar 1/48 kawai. Sama da 300 Hz ne ake lailayewa da 1/6 ko fiye. Taƙaita gefen zanen zuwa tazarar 50 dB, misali daga 45 zuwa 95, ka buɗe daga 15 zuwa 300 Hz kawai. Zanen da aka matse daga sifili zuwa 140 dB kowane ɗaki zai nuna lafiya lau.

Duba kuma zanen da ke nuna yadda sauti ke mutuwa a kan lokaci. Tudun da yake jan wutsiya bayan sauran sun yi shiru, shi ne amon ɗaki na gaske, kuma filtar da ta zauna daidai kansa tana rage tsayinsa tare da gajarta wutsiyar a wurin zaman. Kunne na jin wannan a feda mai sauri: notoci su daina hawa kan juna.

Haɗa sabwufa da sauran

Kafin filtoci, a daidaita mahaɗa, wato firikwansin da sabwufa ke miƙa sauti ga manyan sifikoki. 80 Hz wuri ne mai kyau na farawa, da gangara 24 dB a oktaf ta kowane ɓangare. Ka tabbata an yanke wa manyan sifikokin abin da ke ƙasa, ba a bar su suna fama da 32 Hz ba, domin takardar sifikar da ke kai-komo da nisa tana dagula sautin tsakiya da take fitarwa a lokaci guda. Kunna tsayayyen sauti na 80 Hz ta sabwufa da sifika ɗaya tare, ka juya maɓallin 0 da 180 na sabwufar, ka bar shi a inda makirufo ya nuna ƙarfi ya fi. Daga nan gyara jinkiri da rabin milisakan-rabin milisakan har zangon 60 zuwa 100 Hz ya cika. Kowace mita ɗaya ta bambancin nisa milisakan 2.9 ce. Galibi manyan sifikoki ne ke jiran sabwufa, ko da nisansu ɗaya, saboda na'urorin cikinta na jinkirta ta.

Filtocin

A tagar EQ ta REW, inda ake tsara filtoci, zaɓi na'urar da za ta ɗauki filtocin, sannan ka ja layin da kake so sautin ya bi. Kada layin ya zama shimfiɗaɗɗe. A ɗaki, sautin da ya fito daidai a kunne yana gangarowa a hankali daga ƙasa zuwa sama, kusan rabin dB zuwa 1 dB a kowane oktaf, kuma ƙasan 100 Hz ya ɗara tsakiya da 3 zuwa 5 dB. Sauke layin ya ratsa ta ƙasan tuddan, yadda yawancin aikin zai zama ragewa.

Saita iyakoki da hannunka kafin ka bar manhajar ta yi lissafi. Zangon gyara ya tsaya daga inda sabwufarka take fara sauka zuwa 250 ko 300 Hz. Ƙarin ƙarfi na kowace filta kada ya wuce 3 dB, na jimla kuwa sifili. Dalilin a fili yake: ƙarin 3 dB ninki biyu ne na wutar da amfilifaya za ta bayar, 6 dB ninki huɗu, 10 dB ninki goma. A waƙa wannan na zuwa ne ya wuce. A ogan, nota ce da za a riƙe tsawon layin waƙa guda, nannaɗaɗɗiyar wayar sifika na ɗaukar zafi duk tsawon lokacin.

Dubi abin da manhajar ta fitar da idon basira. Filta biyar zuwa takwas sun ishi yawancin sabwufa. Faɗin filta ana bayyana shi da lambar Q: 1.4 oktaf guda ne, 4.3 nota huɗu, 8.7 nota biyu, 17 kuwa nota ɗaya. Amon ɗaki yakan buƙaci tsakanin 4 da 10. Filtar da ta wuce 15 ta cika siranta, ɗumin ɗaki kaɗai na iya gusar da amon daga ƙarƙashinta, tunda saurin sauti na ƙaruwa da zafi. Idan ka ga filta biyu maƙwabta, ɗaya na ƙarawa ɗaya na ragewa, goge su duka ka sa ɗaya da hannu. A ɗakin misalinmu sakamakon zai iya kama da haka: rage 8 dB a 34 Hz da Q 7, rage 5 dB a 69 Hz da Q 6, rage 4 dB a 128 Hz da Q 4. Lambobinka za su bambanta, amma siffar ke nan.

Sama da 300 Hz, idan ka taɓa, taɓa da faɗi: Q ƙasa da 2, kuma 2 ko 3 dB kawai. Manhajojin da ke gyara zangon gaba ɗaya da kansu sukan ɗaga saman sauti don su miƙe layi, sai ƙananan bututu masu kaifi su koma suna sukar kunne. Wanda ya ɗauki samfurin ya riga ya kamo yadda dogon gini ke tausasa saman sauti. Ba naka ba ne ka mayar da abin da ginin ya cire.

Sitof mai ƙafa 32 na buƙatar kashedi na musamman. Sabwufa kaɗan ne ke kai 16 Hz da ƙarfin da za a ji, domin kunne ba ya fara jin 20 Hz sai ta haura 70 dB. Don fitar da ƙarfi iri ɗaya a oktaf ɗaya ƙasa, takardar sifika sai ta yi tafiya ninki huɗu. Sabwufa mai ramin iska kuwa, ƙasa da inda aka ɗaure ramin, takardarta ba ta da abin da ke riƙe ta, sai ta yi ta bugawa ba sauti. Sa mata filtar da ke yanke ƙasa kaɗan da wannan wurin, da gangara 24 dB. Ba za ka rasa sitof ɗin ba, domin sautukan da ke bisa tushensa, a 33 da 49 Hz, suna nan, kuma da su kunne ke gane notar.

Inda gyaran zai zauna, da maganar jinkiri

Gyaran ɗaki shi ne na ƙarshe a layi, bayan an haɗa bututu, bayan an ƙara amsa-kuwwa, dab da fita zuwa amfilifaya. Hanya uku ake bi. Ta farko akwatin sarrafa sauti tsakanin katin sauti da amfilifaya, irin miniDSP 2x4 HD mai shiga biyu da fita huɗu. Ita ce mafi kwanciyar hankali, domin ba ta cin ƙarfin kwamfuta kuma tana ɗauke da mahaɗar sabwufa. Ta biyu a tura sautin Hauptwerk ta mahaɗinsa na VST ko AU (hanyoyin haɗa manhajojin sauti) zuwa manhajar haɗa sauti irin Reaper, a sa filtocin a can, ko a sa Dirac Live ko SoundID Reference. Ta uku Equalizer APO a Windows, amma a nan akwai tarko: sautin da ya bi ta ASIO, hanyar da ke kai sauti ga kati kai-tsaye, ba ya ratsa ta cikinta sam. Da yake masu ogan da yawa ASIO suke amfani da shi, sai mutum ya auna ta hanyar Windows ya ga layi ya miƙe, ya kaɗa ya ji ba abin da ya sauya.

Jinkiri abu ne da mai sauraro bai damu da shi ba, mai kaɗawa kuwa yana jin sa a yatsu. Filtoci na gama-gari, masu firikwansi da Q, kusan ba sa ƙara komai. Dogayen filtocin FIR masu miƙe lokaci suna jinkirta sauti da rabin tsawonsu: mai maki 65,536 a 48 kHz na kawo milisakan 683, mai 16,384 na kawo 171. Ba wanda zai kaɗa da haka. Gajarta ta kuma ba mafita ba ce, domin mai maki 1,024 ba ta bambance abin da ya gaza 47 Hz a faɗi, feda kuwa tazarar notocinta na ƙasa 2 Hz ce. Idan manhajarka na da zaɓi, ɗauki wanda aka rubuta ba jinkiri ko mafi ƙarancin jinkiri. Ka tuna ma'ajiyar katin sauti ta riga ta ci nata: mai maki 256 milisakan 5.3 ce, mai 512 kuma 10.7.

Idan ka fitar da filtocin a fayil ɗin WAV, fitar da shi a kan saurin da ogan ke aiki. Fayil ɗin 44.1 kHz da aka kunna a 48 ba tare da an juya shi ba yana ɗaga kowace filta da kusan kashi 9 cikin ɗari, nota ɗaya da rabi. Sai ka sare D ka bar C♯ tana ruri. Kuma duk inda ka ƙara 3 dB, rage ƙarfin tashar gaba ɗaya da 3 dB, in ba haka ba sauti zai tsage ranar da ka ja dukkan sitof.

Mai sifika fiye da biyu

Masu rarraba bututu a kan sifika huɗu, takwas ko fiye suna da ƙarin dalilin yin awo. Idan C na fita ta wannan sifika, C♯ ta waccan, kuma ɗaya na kusurwa ɗaya na tsakiyar bango, jerin bututu guda zai riƙa sauya murya daga nota zuwa nota. Auna kowace, daidaita ƙarfinsu ya zama bambancin bai wuce rabin dB ba a benci, ka ba su layi ɗaya su bi. Sifikokin baya, masu ɗauke da amsa-kuwwar coci, a gyara musu manyan tuddan ƙasa kawai a bar su.

Tabbatarwa

Sake awo da filtoci a kunne, a wurare bakwai ɗin nan. Idan zangon 30 zuwa 200 Hz ya zauna cikin 4 ko 5 dB sama da ƙasan layi, ban da siririn rami ɗaya ko biyu, aiki ya yi. Idan kana son sake lissafi daga tushe, kashe tsofaffin filtocin tukuna, kada gyara ya hau kan gyara.

Daga nan ajiye makirufo. Ja sitof mai taushi na ƙafa 16 shi kaɗai, ka hau feda nota-nota, kana riƙe kowace daƙiƙa uku. Notar da ta rage da ƙarfi a kowane ogan da ka loda, ta ɗaki ce, koma kan filta. Wadda ta yi ƙarfi a ogan ɗaya kawai halin bututun ne, gyara ta a cikin manhajar ogan ko ka bar ta, domin ogan na gaske ma bututunsa ba su zama ɗaya ba. Idan ka ji zizar ƙarfe ko ƙarar katako a wata nota, ba aikin filta ba ne. Kunna tsayayyen sauti a REW, ka hau da shi sannu a hankali daga 20 zuwa 120 Hz, ka bi ƙarar har ka gano gilashin taga ne, ko ƙofar kabad, ko allon teburin ogan, ka danne shi da roba ko ka ɗaure sukurorinsa.

Da farko feda za ta yi maka kamar ta rame, saboda kunne ya saba da kumburin. Ba ta mako guda. Idan har yanzu kana son kauri, ɗaga sabwufar gaba ɗaya da 2 dB, kada ka cire filtocin. Ka ajiye saiti na dabam mara gyara don hedifon, kuma duk ranar da ka matsar da tebur, ko sabwufa, ko babbar kujera, sake awo.